Shekarar da Aka Nemi Takardar Filin Makarantarmu

Ranar Talata aka kawo takardar, ruwan shuka bai daɗe da sauka ba. Ina aji uku ina koyar da lissafi, domin malamin ajin ya roƙi kwana ɗaya ya tafi gona, sai na ji babur ya tsaya a gindin ɗorawar da ke bakin makaranta. Mutum biyu ne daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Muka gaisa, na sa aka kawo musu benci da ruwa, suka sha, sannan babban cikinsu ya miƙo mini ambulan.

"Malama, kada ki ɗauka ke kaɗai aka nufa," in ji shi. "Duk makarantar da ba ta gwamnati ba, ana so ta kawo takardar filin da take zaune a kai kafin a tafi dogon hutu. Wadda ba ta kawo ba, ba za a sabunta mata rajista ba."

Na ce, "In ba a sabunta ba fa, yallaɓai?"

Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Ai kin san sauran."

Na san sauran. Na raka su har wurin babur, na dawo aji, na tarar na manta lissafin da nake yi a allo.

A wannan ƙauye aka haife ni, tsakanin Karaye da Rogo, sai an ratse daga kwalta an yi 'yar tafiya cikin gonaki. Mu Hausawa ne, kakanninmu su ake kira Maguzawa. Kakana na wajen uba yana cikin mutanen farko da suka saurari wani Fada, wato limamin Katolika, Bature da ke zuwa a keke sau ɗaya a wata. Tsofaffi sun ce Hausarsa sai an kasa kunne sosai, amma yana da maganin gyambo, kuma ba ya ƙyamar tuwon kowa. Cocin farko rumfar kara ce. Iska ta ɗauke ta sau biyu kafin a yi ginin ƙasa da rufin ciyawa. A gefenta aka gina ɗakuna biyu aka fara koya wa yara karatun boko, kuma mahaifina yana cikin yaran farko. Da ya girma ya zama katikis, wato shi ke jan addu'a duk Lahadin da Fada bai zo ba, ranar Litinin kuma ya ɗauki alli ya zama malami.

Lokacin da gwamnati ta karɓi makarantun mishan, aka kwashe yaran har da bencinansu aka kai firamaren da ke bakin kasuwa. Ɗakunan nan biyu suka daɗe a haka. Ina ƙarama na san ɗaya daga cikinsu a matsayin wurin da awaki ke fakewa in ana ruwa. Sai bayan da aka ɗaga cocinmu ya zama farish, aka ba mu Fada na zaune, sannan aka sake buɗe makarantar. Aka fara da aji ɗaya, aka yi ta ƙarawa har ya kai shida. Ni na koyar a cikinta tun daga farkon wannan buɗewa, daga baya aka ba ni shugabancinta. Yaranmu akwai 'ya'yan Kirista, akwai 'ya'yan Musulmi na cikin gari, akwai kuma na Fulanin da ke zaune a bayan rafi.

Duk wannan na sani tun ina yarinya. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, filin na waye?

Da aka tashi na wuce gidan Fada. Matashi ne, daga kudancin Kaduna aka turo mana shi, bai cika shekara biyu a wurinmu ba. Ya karanta takardar sau biyu.

"Malama, ai akwai takardu a akwatin ƙarfen nan na ɗakin ajiya. Wanda na gada ya ce duk tarihin coci yana ciki."

Muka fito da akwatin tsakar gida, muka buɗe. Gara ta riga mu. Ta shiga ta wata 'yar huda a ƙasan akwatin, ta mayar da rabin abin da ke ciki ƙasa. Littafin baftisma na farko ya tsira da kyar, gefensa duk a cinye. Na ga rubutun mahaifina a ciki, irin mai kwanciya gefe ɗaya, na ga sunana da ranar da aka yi mini baftisma. Muka ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Babu abin da ya ambaci fili.

"Ƙila gara ce ta cinye," in ji Fada.

Na ce, "Ko kuma ba a taɓa rubutawa ba."

Mahaifina ya rasu da daɗewa, don haka wurin mahaifiyata na tafi. Na same ta tana ɓarar gyaɗar iri. Ta saurare ni ba ta ɗaga kai ba.

"Wace takarda kuma? A wancan zamani wa ke rubuta takarda? Kakan maƙwabcin makarantarku na gabas shi ke da wurin. Tsohon dagaci ya kira shi, ya ce waɗannan mutane suna son inda za su yi addu'a su koya wa yara karatu, shi kuma ya ce ga shi nan. Aka dasa gamba aka yi iyaka. Shi ke nan."

"Inna, ba mu ya yi, ko ara mana ya yi?"

Sai a lokacin ta dube ni. "Ni ban zo gidan nan ba tukuna sa'ad da aka yi. Ubanki kullum cewa yake an ba mu."

Maƙwabcin nan na gabas mutum ne da muke zaman lafiya da shi. Musulmi ne, manomi, 'ya'yansa mata biyu a hannuna suka yi firamare, ɗaya ma yanzu tana aikin asibiti a Rogo. Duk Kirsimeti ina aika wa gidansa shinkafa, duk Babbar Salla naman layya na shigowa gidana. Amma na san gonarsu ta yi musu kaɗan. An raba ta gado sau biyu, kuma yana da samari huɗu da suka isa noma. Labarin takardar kuwa bai kwana ba ya zaga gari. Kwana uku bayan haka, ina duba yara suna shara da safe, ya tsaya a bakin gamba da fartanya a kafaɗa.

"Malama, an tashi lafiya? Ya yara? Ya ƙoƙari?"

Muka gaisa yadda muka saba. Ya juya yana kallon filin da yara ke buga ƙwallo.

"Na ji ana neman takarda. To, don kada a rubuta abin da ba shi ba, ni abin da na ji daga bakin mahaifina shi ne, wurin nan aro ne. Ba na neman fitina da ku, Allah ya sani. Amma in za a sa hannu, a sa a kan gaskiya."

Na ce masa na ji, na gode. Da ya tafi na shiga ofis na zauna. Daga wannan rana abinci ya daina shiga mini. Ina koyarwa ina kallon bango, ina tuna yadda mata suka ɗebo ruwa daga rafi aka kwaɓa ƙasar ginin aji biyar da shida. Iyaye suka fara tare ni a hanyar kasuwa. Wata Bafulatana da ke kawo mini nono ta ce, "Malama, gaskiya ne za a rufe? In za a rufe ki gaya mini da wuri, don baban yarana yana jiran dalili ya mayar da su bayan shanu." Na ce mata ba za a rufe ba, alhali ban san komai ba. A coci kuma wasu samari suka fara magana mai zafi bayan sujada, wai ana so a ƙwace mana wuri don addininmu. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na san garuruwan da irin wannan magana ta fara a bakin samari ta ƙare da hayaƙi. Na roƙi Fada ya hana su, ya kuwa hana su ranar Lahadi daga kan bagadi.

Muka je wurin dagaci, ni da Fada da dattijai biyu na coci. Dagacin na yanzu jikan wancan ne, ya yi aikin gwamnati a Kano kafin a naɗa shi. Muka tuɓe takalma a bakin zaure, muka zube muka yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, takarda muke roƙo, wadda za ta nuna filin na makaranta ne."

Ya ce, "Malama, ni ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba, kuma mai gonar gabas ya riga ya zo mini. Ku ce kyauta, shi ya ce aro. Akwai wanda ya rage a raye cikin waɗanda suka ga an dasa gambar nan?"

Aka yi ta lissafa sunaye, duk wanda aka ambata sai a ce Allah ya jiƙansa. Can limamin gari, wanda ke zaune a gefen dagaci, ya ce akwai wani tsohon Bafulatani da ya zauna a bayan rafi a wancan lokaci. An kira shi wurin yin iyakar domin burtalin shanunsu ya bi ta gefen filin. Ya ce tsohon ya tashi tuntuni ya koma wajen Gwangwan wurin 'ya'yansa, kuma bara dai an ce yana nan da rai.

"Ku nemo shi," in ji dagaci. "In ba zai iya zuwa ba, a je da wakilina ya ji da kunnensa."

Sati guda ana ruwa, rafin da ke hanyar ya cika, ba a iya haye shi. Kullum da safe sai in aika a tambayi 'yan acaɓa, su ce a ƙara haƙuri. Ina lissafin kwanakin da suka rage kafin hutu, ina kuma tunanin tsohon da ban taɓa gani ba. In ya rasu cikin satin nan fa? In yana raye amma hankalinsa ya tafi fa? Ban taɓa yi wa wani baƙo addu'ar tsawon rai kamar yadda na yi wa wannan tsoho ba.

Ranar Asabar muka samu muka haye, ni da mai unguwar da dagaci ya wakilta, kowa a bayan babur. A bakin rafi muka sauka muka ratsa da ƙafa, ruwa har gwiwa, na ɗaure takalmina a gefen zane. Muka isa rugar da hantsi. Tsohon yana zaune a kan buzu a inuwar bukka, ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari. Ba ya ji sai matar ɗansa ta durƙusa ta faɗa masa a kunne da Fillanci.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Da aka gaya masa jikar wane ce ni, ya yi dariya har da tari. Ya ce kakana mutum ne mai faɗa, sun taɓa yin rigima a kan saniyar da ta shiga masa dawa, daga baya suka zama aminai. Ya ɗauko labarin saniyar tun daga farko. Na zauna ina saurare, ina tsoron in katse shi ya ɓata. Sai da ya gama mai unguwa ya sa aka tambaye shi maganar fili.

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, da Hausarsa ta Fulani, "Ina wurin. Ni na riƙe igiya. Aro ne."

Na dubi mai unguwa, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ci gaba. "Mai gonar ya ce, ni ba na sayar da ƙasar ubana, ba na kuma kyauta da ita. Amma inda za su yi addu'arsu, da inda yara za su yi karatu, na bar musu muddin ana yi. Ba ni ba, ba 'ya'yana ba, babu mai tashinsu. Ranar da aka daina, ƙasa ta dawo gida. Haka ya faɗa, dagaci ya maimaita sau uku, aka raba goro."

Matar ɗansa ta kawo mana fura da nono. Na sha don kada in yi rashin kunya, amma ban ji ɗanɗanonta ba. A hanyar dawowa abu ɗaya ke yawo a kaina: shekarun nan da awaki suka kwana a cikin aji. In ranar da aka daina karatu ƙasa ta koma gida, ai ta daɗe da komawa, mu ne ba mu sani ba.

Na gaya wa Fada komai. Ɗaya daga cikin dattijan coci ya ce tsoho ne, ya rikice, a ce ba a gane maganarsa ba. Na ce mai unguwa ya ji da kunnensa, kuma ko bai ji ba, ni ba zan iya tsayawa gaban yara ranar Litinin in koya musu faɗin gaskiya ba in na yi haka. Na faɗi wannan da ƙarfi, amma a cikina ina jin da ma ban je ba.

Aka sa ranar Alhamis bayan azahar. Zauren dagaci ya cika, har wasu suka tsaya a waje. Mai unguwa ya faɗi abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Maƙwabcinmu ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, to an ji dai aro ne, ban yi ƙarya ba. Maganar coci ban da ta cewa, tun da aka fara addu'a a wurin ba a fasa ba. Amma karatu an daina. Kowa a nan ya san shekarun da ɗakunan nan suka yi babu yaro ko ɗaya."

Abin da ya faɗa shi ne abin da na sani. Na zuba wa tabarma ido.

Sai liman ya yi gyaran murya. Tsoho ne da ba ya yawan magana a zaman shari'a.

"Allah ya ba ka nasara, a ba ni dama. Ba a daina ba. Yara ne aka kwashe. Ɗaki ɗaya awaki suka samu, ɗayan kuwa uban yarinyar nan yana buɗe shi duk bayan la'asar da rani, yana koya wa manya yaƙi da jahilci. Ni a nan na koyi rubuta sunana da boko." Ya juya wajen maƙwabcinmu. "Da ni da mahaifinka benci ɗaya muke zama. Shi ya fi ni lissafi, ni na fi shi rubutu. Ka tambayi gyatumarka, ita ke aiko masa da kunu."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina yarinya ina ganin mahaifina yana fita da alli a aljihu bayan la'asar, ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba.

Maƙwabcinmu ya dubi liman. Daga bisani ya ce, "In Malam ya faɗa, haka ne. Ba zan ƙaryata shi ba. Ɗakunan karatu da coci na bar su yadda kakana ya bari. Amma filin ƙwallo fa? A nan ba addu'a ake yi ba, ba karatu ake yi ba. Ina da samari huɗu, ranka ya daɗe."

Fada ya yi ƙoƙarin bayyana cewa wasa ma yana cikin tarbiyyar makaranta. Dagaci ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce maganar da aka yi a wancan zamani addu'a da karatu ta ambata, shi kuma ba zai ƙara mata abin da ba ta ce ba. Ya yanke cewa ginin coci, da azuzuwa shida, da tsakar da ke tsakaninsu, suna hannunmu muddin ana amfani da su, babu mai tashinmu. Filin ƙwallo kuma ya koma ga masu shi bayan an cire amfanin gona. Aka rubuta, dagaci ya buga hatimi, liman da Fada suka sa hannu, maƙwabcinmu ya dangwala yatsa. Da muka fito ya tsaya ya ce mini, "Malama, kada ki riƙe ni a zuci." Na ce ban riƙe shi ba. A ranar dai ban tabbata ba.

Saura kwana huɗu a yi hutu na kai takardar ofishin ilimi. Jami'in ya karanta, ya tsaya a kan kalmar aro, ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba, sai ya nuna wa na gaba da shi. Na zauna a benci a baranda tun hantsi har aka kira sallar azahar, duk wanda ya fito daga ofishin sai in miƙe. A ƙarshe ya fito ya ce an karɓa, amma za a riƙa dubawa duk shekara.

Tsohon Bafulatanin ya rasu kafin kaka. Na je gaisuwa tare da liman, a mota ɗaya.

Da damina ta zagayo, samarin maƙwabcinmu suka ja kunyoyi a inda ragar ƙwallo take, suka shuka dawa. Ƙasar ta daɗe tana hutawa, dawar ta yi kyau har ta fi tagar aji shida tsawo. Yara suka koma buga ƙwallo a tsakar coci, suka fasa gilashin taga biyu a wata ɗaya, Fada ya gaji ya sa aka yi wa tagogin raga. In ƙwallo ta faɗa cikin dawar, babban ɗan maƙwabcin ne ke jefo musu ita, wani lokaci da faɗa, wani lokaci ba faɗa.

Abin da ke damuna yanzu yawan yaran ne. Iyalai da dama na cocinmu sun koma Kano da Zariya neman abinci, kuma aji biyar na bana yara tara ne kawai. Duk farkon zango nakan bi gida gida, har rugagen bayan rafi, ina roƙon iyaye su turo mini 'ya'yansu. Makon jiya na samu uku daga gida guda, biyu mata da namiji ɗaya, kuma uwarsu ta ce in sun ga da kyau za ta ƙaro ƙaninsu baɗi.